Ina ake samun ganyen shayi na ƙwarai ta intanet a Kano?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da hantsi. Shawara nake nema a kan ganyen shayi. Mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma tun tasowarmu ba mu taɓa ganin ranar da bai ɗora buta ba. Bayan La'asar zai fito soro da kurfotinsa, ya hura gawayi da kansa, ba ya yarda kowa ya dafa masa. Ganyen kuwa wani amininsa Buzu ne yake kawo masa daga Agadas, sau biyu ko uku a shekara, har Allah ya karɓi ransa bara da azumi. Wanda ya bari ya ƙare tun bayan babbar salla.

Ni ina aure a Rijiyar Zaki, ga aiki ga yara, shiga kasuwa sai na yi da gaske, shi ya sa na koma oda ta waya. Sau biyu ina gwadawa. Na farko wajen wata mai talla a Instagram na saya, hoto ya yi kyau, gwangwani sai sheƙi yake. Ina buɗewa ƙamshin turaren wuta ya doki hancina, ashe ɗaki ɗaya take ajiye shi da humra da turaruka. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye finjalin a gefen tabarma, ya ce Allah ya yi albarka. Bai ƙara ba. Wallahi da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Na biyu kuma a leda aka aiko shi, gari ne kawai kamar ƙura, babu sunan kamfani, babu ranar da aka yi shi balle ta lalacewarsa.

To don Allah masu saye ta intanet, a ina kuke samun na ƙwarai? Kuma ta yaya mutum zai gane mai kyau tun kafin ya tura kuɗinsa?

DanFagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan aminin Baba, ya saka miki da alheri a kan wannan kula. Amma Hajiya, kina cikin Kano za ki sayi shayi ta waya? Ga Singa, ga Sabon Gari, ga Kurmi in kayan ƙamshi ne. Ki ware Asabar ɗaya ki shiga, ki buɗe kwali ki sunsuna. Gani ya kori ji. Ni dai ba na cinikin biri a sama.

Hajiya_Mai_Oda:
DanFagge, ba kowa ne yake da Asabar ɗin ba. Mace da goyo ta shiga Singa cikin cunkoson motocin kaya da 'yan dako, ai ka san ba ƙaramin abu ba ne. Ni shekara huɗu ke nan kusan duk kayan shayin gidana ta waya nake saye, kuma sau ɗaya kawai aka cuce ni, shi ma a farko ne.

Ummu_Khalil, abin da na koya shi ne, irin su Jumia da Konga kasuwa ce, ba kanti ɗaya ba. Masu sayarwa ne daban-daban suke baza kaya a ciki. Saboda haka kafin ki kalli farashi, ki duba sunan mai sayarwar, da makin da masu saye suka ba shi, sannan ki karanta abin da mutane suka rubuta, musamman na baya-bayan nan. In akwai shagon kamfanin kansa a ciki, shi ya fi. In aka ba ki zaɓin biya bayan an kawo, ki ɗauke shi. Jiji kuwa allon talla ne kawai, su da kansu suna gargaɗi kada a biya kuɗi kafin a ga kaya.

In a Instagram ne ko WhatsApp, ni ba na kallon hoton da aka saka, don yawanci ɗauko shi ake yi daga wani wuri. Cewa nake a ɗaukar min bidiyo yanzu-yanzu, a juya kwalin in ga bayansa: ranar da aka haɗa shi, ranar ƙarewar wa'adi, lambar NAFDAC, da ƙasar da ya fito. Mai gaskiya minti biyu ya turo. Wanda ya fara kawo uzuri, na bar shi. Kuma ƙarami nake fara saye, sai ya yi min sannan in koma in ɗauki katan.

Sarkin_Buta:
Ku dakata tukuna. Kafin a yi maganar ina za a saya, a fara sanin me za a saya. Anti Ummu_Khalil, ganyen da marigayin yake kawowa, yaya kamanninsa? Baƙi ne ƙanana-ƙanana, ko kore ne mai duhu dogo-dogo a lanƙwashe? In an dafa, ruwan ja yake fitowa ko ruwan ɗorawa mai kumfa? Kuma Baba dafawa ɗaya yake yi ya zubar da ganyen, ko yana maimaitawa har sau uku?

Ummu_Khalil:
Sarkin_Buta, kore ne mai duhu, sirara a lanƙwashe. In ya dahu sai ya buɗe ya cika butar. Sau uku yake yi, na farkon ɗaci ne da shi sosai, mu na ukun ake ba mu muna yara. Wanda na saya kuwa duka biyun baƙi ne, na farkon ma har da kanumfari da kirfa a ciki, an ce haɗin Larabawa ne.

Sarkin_Buta:
To kin ga inda gizo ke saƙar. Ko da turare bai shiga ba, Baba ba zai sha ba, don ba shayinsa ba ne. Abin da yake sha shi ne shayin Buzaye, koren ganye ɗan Sin. Kala biyu ne suka fi yawa a wannan yanki namu. Akwai Chunmee, shi ne siririn nan mai lanƙwasa da kika kwatanta. Akwai kuma wanda ake nannaɗewa ƙulu-ƙulu kamar ƙwayar gero babba, a kwali za ki ga an rubuta Gunpowder.

Lambobin da ke jikin kwalin su ne abin dubawa. A Chunmee, 41022 shi ne na sama, sai 4011, sai 9371, daga nan a gangara zuwa su 9368 da 9366 waɗanda karairayi da itatuwa suka fi yawa a ciki. Na ƙulu-ƙulun kuma 3505 ne, wani lokaci da harafin A ɗaya ko biyu ko uku a bayansa. In kin shiga neman kaya, kada ki rubuta shayi kawai, tarkace za su fito miki. Ki rubuta Chunmee 41022, ko sunan kamfani irin Achoura da ake sha sosai a Mali da Nijar.

Sai dai lamba tawada ce, kowa zai iya bugawa. Shi ya sa ni nake son ƙananan kwalayen nan masu giram 25. Ki sayi biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, ki zazzage a farin faranti. Mai kyau za ki ga ganyen kusan tsayi ɗaya, a murɗe tam, babu gari a ƙasan kwalin, ƙamshinsa da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Wanda ya daɗe launinsa yana komawa ruwan ƙasa, ƙamshin kamar na busasshiyar ciyawa. A majalisarmu ta Gadon Ƙaya kullum sai mun ɗora buta bayan Isha, kuma daga kumfar farko muke gane ganyen da ya kwana biyu.

Malam_Nazari:
Sarkin_Buta ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ƙari kaɗan zan yi saboda masu karatu a ɓoye. Da baƙin shayi da kore duk itace ɗaya ne, masana suna kiransa Camellia sinensis. Bambancin a sarrafawa yake. Koren, da an tsinko shi ake ba shi zafi don kada ya sauya launi. Baƙin kuwa murza shi ake yi a bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu, kamar yadda goro yake ja in an ɓara shi an ajiye. Shi ya sa koren ya fi saurin tsufa, gara a sha shi cikin shekarar da aka haɗa shi, baƙin kuwa yana kai shekara biyu a rufe. Sunan Chunmee ma daga siffar gira ya samo asali.

Na biyu, Agadas ba ta noma shayi. Daga lardunan Sin irin Zhejiang da Anhui yake tasowa, ya sauka ta jirgin ruwa a Kwatano ko Lome, sannan ya hau mota zuwa Nijar. Waɗanda suke saye za su tuna yadda kayan Nijar suka yi wuya bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyaka, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ina faɗar wannan ne don wasu masu talla suna rubuta “ɗan asalin Agadas” su ninka kuɗi. Ki duba bayan kwalin, za ki ga Sin aka rubuta.

Maman_Biyu:
Ni dai bari in yi magana a madadin masu sayarwa, don sana'ata ce. Daga ɗakina a Hotoro nake sayar da ganyen shayi da kayan ƙamshi, kuma maganar turaren nan ta taɓa ni, don na san yadda take faruwa. Yawancinmu ɗaki ɗaya ne da mu, kaya kala biyar muke sayarwa, kuma ba kowa ta san ganyen shayi yana zuƙar wari ba. Ko kusa da sabulun wanka ko daddawa kika ajiye shi kwana uku, ya ɗauka. Ni sai da wata kwastoma ta dawo min da kaya na mayar mata da kuɗinta, sannan na sayi robobi masu murfi na ware musu kabad daban, nesa da taga da kicin.

'Yar'uwa Ummu_Khalil, kin koma kin gaya mata kuwa? In ba ki faɗa ba, haka za ta ci gaba da sayar wa wasu. Wake ɗaya ne yake ɓata gari, mu da muke ƙoƙari sai a haɗa da mu.

Sannan masu cewa sai an kawo za su biya, ku ma ku duba mu. Sau nawa nake tura yaro a Adaidaita daga Hotoro har Kabuga, ya je a ƙi ɗaga waya, kuɗin zuwa da dawowa ya hau kaina? Ni yanzu kuɗin aike kawai nake karɓa a gaba, na kaya in ya isa.

Ummu_Khalil:
Maman_Biyu, ban gaya mata ba, kunya na ji. Amma kin yi gaskiya, yau zan yi mata magana cikin mutunci.

DanFagge:
Kun ga abin da nake faɗa. Duk wannan bidiyo da lamba da robobi, a kasuwa minti biyar ne. Kuma Maman_Biyu, tsakani da Allah, ke ma ba a Singa kike saro kayan ba?

Maman_Biyu:
A can nake saro wasu, ban musa ba. Amma ni nake shiga ranar, ni nake zaɓe, ni nake asarar wanda bai yi kyau ba. Ladan wannan wahalar ce ribata.

Dan_Gembu:
Abin da yake ba ni mamaki, an yi ta kiran Sin da Nijar, babu wanda ya ambaci namu na gida. A ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba na yi bautar ƙasa, a kan tsaunin Mambila. In ka taso daga Jalingo ka bi ta Bali da Serti, daga Mayo Selbe ka fara hawan dutsen nan mai kwana-kwana, kana isa sama sai ka nemi rigar sanyi. Tsayin wurin ya haura mita 1,500, ga ruwan sama, ga hazo da safe, irin yanayin da shayi yake so ke nan. A Kakara gonar take da masana'antar, nan ake yin Highland Tea. Na ga mata da kwanduna a baya suna tsinkar ganye biyu da toho ɗaya a saman kowane reshe, layi-layi har iyakar ganinka kore shar.

Shayin da na sha a can, wanda bai fi mako da fitowa daga inji ba, har yau ban manta ƙamshinsa ba. Yana da ƙarfi, yana ɗaukar madara. Na san ba shi ne na Baba ba, amma masu shan haɗin kauri da ruwan bunu su gwada. Ana sa shi a shafukan sayayya, wasu kuma suna aikowa ta tasha daga Jalingo. In ta tasha ne, ku ce a sa shi a leda biyu, kada a jera shi kusa da jarkar mai ko buhun kifi.

Alhaji_Baffa:
Dan_Gembu, Allah ya yi maka albarka, ka tuna mana da arzikin ƙasa. Ni kuma shayin Rabea na saba da shi tun zuwana Hajji na farko. A da sai alhazai sun dawo muke samu, a sa shi cikin tsaraba tare da dabino da zamzam. Yanzu jikata ce take yi min oda daga wajen masu kayan Saudiyya a WhatsApp. Abin da na ce mata shi ne ta riƙa duba ko kwalin yana cikin ledarsa ta kamfani ba a ɓalle ba, kuma ta karanta kwanan wata da kyau, don wasu ragowar kayan Hajjin bara ne suke fitarwa.

Ummu_Khalil 'yata, ki shiga ɗakin mahaifinki ki duba. Mu tsofaffi ba ma yar da kwali. Zai yi wuya a ce babu ko ɗaya da ya ajiye yana zuba allura ko makulli a ciki. In kin samu, kin huta da tambaya.

Abba_Kwamfuta:
Ga masu tunanin yin oda kai tsaye daga waje, ga abin da na gani. Na taɓa sayen giram 250 na ganyen Assam na Indiya daga wani shafi, kuɗin jirgi ya fi kuɗin shayin, kuma sai da ya yi mako bakwai kafin ya iso. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023 lissafin ya ƙara dagulewa. In ba wani abu ne na musamman ba, su Ahmad Tea da Twinings da Dilmah duk ana samunsu a manyan kantunan cikin gari, kuma da yawa suna da lambar WhatsApp, su kawo har gida. In na musamman ne, ku haɗu mutum biyar ku yi oda ɗaya ku raba kuɗin aike, ko ku ba mai dawowa daga Umara ko Dubai sautu.

Alamomi biyu da suke taimaka min. Shayin Siri Lanka, wanda har yau ake kira Ceylon duk da ƙasar ta sauya suna tun 1972, yana da tambarin zaki riƙe da takobi. Hukumar shayin ƙasar ce take ba da shi, kuma sai ganyen da aka noma aka kuma ƙunsa a can ake buga wa. Darjeeling na Indiya kuwa gonaki 87 ne kacal suke da haƙƙin sunan, saboda haka in ka gan shi da arahar banza, ka san araha ba ta ado.

Sannan ku riƙa lissafi da giram. Jakar shayi ta tsomawa giram 2 ce galibi, kwali mai jaka 25 giram 50 ke nan. Hoto yana sa ƙaramin kwali ya zama kamar katan.

Yar_BUK:
Tunda ana maganar koren shayi, don Allah wanda ake tallansa a TikTok na rage tumbi fa? An ce cikin kwana 14 ake ganin canji. Shi ma irin na Buzayen ne?

Anti_Nas:
Ƙanwata Yar_BUK, ki rufa wa kanki asiri. Da yawa daga cikin waɗannan haɗe-haɗen sanamaki ne a ciki, wato maganin wankin ciki. Za ki yi ta zawo, ruwan jikinki ya ragu, sikeli ya nuna kin sauka, ki ɗauka kitse ne ya tafi. In aka daɗe ana sha, gishirin jiki yana rikicewa, hanji kuma ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Na karɓi 'yan mata a wurin aiki jiri yana ɗibarsu saboda wannan. Duk abin da ba a rubuta kayan da ke cikinsa ba, kuma babu lambar NAFDAC, kada ya shiga bakinki. Mai ciki da mai shayarwa kuwa ko kusa.

Ummu_Khalil, ke kuma tunda Baba ya manyanta, a lura da sukarin. Shayin Buzaye yana cin sukari sosai, kuma zagayen farko yana da ƙarfi. In yana da hawan jini ko ciwon suga, a gaya wa likitansa yawan abin da yake sha. Ban ce a hana shi ba, raba tsoho da abin da ya saba shi ma ciwo ne. Su kuma masu ƙarancin jini, a bar kamar awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi, don yana rage yadda jiki yake zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci.

Shugaban_Zaure:
Tunatarwa: na goge saƙonni uku masu lambar waya da lambar asusu. Doka ba ta canza ba, ba a talla a nan. Wanda yake son wani ya bi shi ta akwatin sirri, kuma zaure ba ya ɗaukar alhakin cinikin da aka yi a can.

MaiShayi_Gwammaja:
Ni shekara 16 ina kan tebur. DanFagge da Hajiya_Mai_Oda, duk ku biyun kuna da gaskiya, don ni a Singa nake saye, amma rabona da shiga kasuwar an fi wata biyar. Mutumina yana can, in tura masa saƙon murya da asuba, in yi masa tiransifa, kafin azahar katan ya iso a Adaidaita. To wannan kasuwa ce ko intanet? Abin da ya sa hankalina yake kwance shi ne na san shagonsa, na san in kaya ya ɓaci zan mayar. Ko a waya ne, ki nemi wanda yake da wurin da za a same shi. Ki tambayi adireshin shago, ki duba ko sunan asusun ya dace da sunan kasuwancin. Sunan kasuwanci ma ana duba shi kyauta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Baƙin ganye na leda irin wanda aka aiko miki, ga yadda muke gwada shi: ki jiƙa farar takarda da ruwan sanyi, ki barbaɗa kaɗan a kai. In nan take ta yi ɗigo-ɗigon ja ko ruwan goro, an sa masa kala. Wasu marasa tsoron Allah har wanda aka riga aka dafa suke shanyawa su rina.

Kuma kada a ɗora wa ganye laifin ruwa. Ruwan burtsatsen wasu unguwanni yana da zartsi, in ka dafa shayi da shi sai ka ga wani yana-yana a sama, ɗanɗanon ya mutu. Kayan ƙamshi kuwa ki haɗa da kanki. Tun da cuta ta kama citta a kudancin Kaduna a 2023 ta yi tsada, garin citta na leda ba kowanne ne zalla ba. Ki sayi citta da kanumfari da kimba da masoro ɗanyensu, ki daka a gida.

Malam_Nazari:
Gyara kaɗan ga masu ganin duk ganye mai gari jabu ne. Akwai hanyar sarrafawa da ake kira CTC, inji ne yake murƙushe ganyen ya yayyaga shi ya dunƙule shi ƙanana. Yawancin shayin Kenya da ake gwanjonsa a Mombasa haka yake, kuma Kenya ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi. Shi ne a cikin yawancin jakunkunan tsomawa. Yana saurin ba da launi a ruwan zafi, wannan ba aibu ba ne. Gwajin MaiShayi da ruwan sanyi ne, a kula da wannan.

Ummu_Khalil:
Alhaji_Baffa, Allah ya ƙara girma, maganarka ta tabbata. Jiya da yamma na je gida, na tambayi Baba ko yana da tsohon kwali. Bai ce komai ba ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfensa, ya ɗauko guda ɗaya daga ƙarƙashin rawani. Ɗan ƙarami ne kore, gefensa duk ya lanƙwashe, a ciki ya zuba maɓallan riga. Ya ce shi ne na ƙarshe da amininsa ya miƙa masa da hannunsa. A jikinsa an rubuta 41022, giram 25. Sarkin_Buta, kamar kana wurin. Na ɗauki hotonsa gaba da baya na mayar masa da abinsa.

Sarkin_Buta:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, ashe mai kyau yake zaɓar wa amininsa. To Anti, yanzu hoton nan za ki riƙa turawa, ki ce irin wannan kike so, lamba da kamfani. In ba a samu kamfanin ba, a ba ki 41022 na wasu guda biyu ki kai wa Baba ya zaɓa da bakinsa. Ki haɗa masa da ɗanyen na'a-na'a. Kuma kada a juye masa a gwangwanin farkon nan, ƙamshin turare ba ya fita daga murfi.

Hajiya_Mai_Oda:
Kar ki manta da bidiyon bayan kwali. Koren ganye ne, kwanan watan ya fi komai.

Ummu_Khalil:
Salam 'yan zaure, na dawo da labari bayan kwana tara. Mutum huɗu na tura wa hoton. Biyu suka ce babu, ɗaya ya turo min hoton da na gane daga intanet ya ɗauko, na bar shi. Na huɗun yana da shago a Fagge, ya yi min bidiyo, kamfanin ba ɗaya ba ne da na Baba amma lambar ɗaya ce, kuma bana aka haɗa shi. Na karɓi ƙananan kwali uku, na biya bayan an kawo.

Ranar Juma'a na kai. Baba ya zazzage a tafin hannunsa, ya daɗe yana sunsunawa, sannan ya ce a miƙo masa kurfoti. Ya ɗauraye ganyen da ruwan zafi ya zubar, ya mayar da buta kan gawayi, ya yi ta ɗaga hannu yana zubawa daga buta zuwa finjali har kumfa ta tashi. Ya sha na farko, ya sha na biyu, ya aika a kira maƙwabcinsa. Da na tambaye shi, ya ce ya yi kusa, amma na da ya fi shi ɗaci a zagayen farko. Na ukun ni ya miƙa wa.

Mai turaren ma na yi mata magana, ta ba ni haƙuri, ta ce ba ta sani ba. Zan ci gaba da neman ainihin kamfanin, in wani ya gan shi ya taɓa ni.

DanFagge:
Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma a lura, shagon a Fagge yake. Da kin zo da ƙafarki da tun ranar farko an gama.

Maman_Biyu:
Da ta zo da ƙafarta ranar farko, baƙin ganye za ta saya, don a lokacin ba ta san lambar ba. Ummu_Khalil, turo min hoton kwalin ta akwatin sirri, akwai masu zuwa Maraɗi da nake ba sautu, zan sa a duba miki.

Alhaji_Baffa:
Dan_Gembu, na Mambilan nan da ka ce ana aikowa daga Jalingo, a wace tasha yake sauka a nan Kano, kuma kwana nawa yake yi a hanya? Hunturu ya kusa, ina so in gwada kwali ɗaya.